Malam Tukuna Bai Shiga Hoto Ba

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Afrilu, ina tsaye a shago ina auna yadin labule, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanenka ne, Malam Tukuna. Ya kasa haɗa magana, sai da na tambaye shi sau biyu kafin ya ce rai ya yi halinsa. Ciwon ƙirjin da ka yi ta ce mana gajiya ce kawai, shi ne ya zama sanadi. Na zauna a kan ƙunshin yadi, almakashi a hannuna, na ce daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na daɗe ina maimaitawa kafin zuciyata ta yarda da abin da bakina yake faɗa.

Ga wanda bai san mu ba, ni sana'ata ƙawata ɗakuna ce: labule, fenti, kujeru, fitilu. Shi kuwa marigayin mai ɗaukar hoto ne, kuma duk wani falo ko ɗakin kwana da kuka taɓa gani a shafin kasuwancina har kuka kira ni, shi ya ɗauka. Kun san aikinsa, ba ku san shi ba. Dalilin rubutun nan ke nan, kuma akwai roƙon da zan yi muku idan na kai ƙarshe.

Na tuna ranar da muka fara haɗuwa. Ka zo ɗaukar hoton kayan wani kafinta maƙwabcin shagona, ni kuma na miƙa maka wayata cike da alfahari, ina nuna maka falon da na gama haɗawa. Ka duba, ka sake dubawa, sannan ka tambaye ni cikin ladabi ko ɗakin ajiya ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na yi makonni ina wahala a kan falon nan. Washegari ka bi ni gidan, ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka kashe fitilun da na kunna duka, ka ja labule gefe, ka durƙusa. Da ka nuna mini abin da ka ɗauka, sai na ji kunya da daɗi a lokaci guda. Aikina ne, amma sai ranar na gan shi. Daga hoton nan kasuwa ta buɗe mini, har na ɗauki ma'aikata.

Ma'aikatan nan ne suka laƙaba maka suna Malam Tukuna. Za mu gama shimfiɗa kafet, mu jera matasai, mai gida yana tsaye yana duba agogo, kai kuma ka kafa kyamara a kan ƙafafunta uku ka harɗe hannu. In aka yi magana ka ce, "Tukuna. Haske bai iso ba." Sai rana ta sauko ta taga ta kwanta a kan hannun kujera yadda kake so, sannan ka danna. Mai ɗinkin labulena ya taɓa cewa ko gobara ce ta tashi, sai ka ce wa wutar ta ɗan matsa hagu. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ba ka musa ba. Ni kuma kana kirana Uwar ɗaki, wai ba don ina ba ka aiki ba, don duk ɗakunan garin nan 'ya'yana ne.

Ba ka taɓa yarda ka yi wa bango ƙarya ba. Na sha roƙonka ka ɗauki ƙaramin ɗaki yadda zai fito da faɗi, ka ƙi, ka ce wanda ya zo saboda ƙarya zai koma da labarinta. Akwai wasu ma'aurata masu ƙaramin ƙarfi da na gyara wa ɗaki ɗaya tal, na ce ba sai ka wahala ba, zan ɗauka da waya. Ka zo duk da haka, ka yi wuni guda a ciki, ka ɓoye wayar wuta a bayan gado, ka daidaita ninkin labule ɗaya bayan ɗaya kamar fadar sarauta aka kira ka. Da ka gama, ka mayar da kowane kofi da kowane takalmi inda ka same shi, ka wanke musu hoton ka kai musu kyauta. Har yau babu hoton da ya kawo mini mutane kamar wannan.

Doka ɗaya gare ka wadda ba ka sassautawa: mutum ba ya shiga hoton ɗaki, musamman kai. Kana cewa mai kallo yana so ya ga kansa a kan kujerar, in ya tarar da wani zaune ya fasa shiga. Saboda haka ka zama gwanin ɓuya. Kafin ka danna sai ka bi ɗaki kana neman kanka, a madubi, a gilashin taga, a fuskar talabijin, a cikin butar shayi, har a mariƙin ƙofa. In madubi ya fi ƙarfinka, ka lulluɓe da baƙin yadi, ko ka saita kyamara ta ɗauka da kanta, ka ruga bayan ƙofa kana ɗaga wando kamar mai tsallake kwata. Muna dariya. Ina yabonka a gaban abokan ciniki, ina cewa mai hotona ko inuwarsa ba ya bari.

Bayan an yi kwana uku da rasuwarka, mutane sun ɗan ragu, mai ɗakinka ta sa aka kira ni ciki. Tana zaune ta jingina da bango, cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Shi ne ɗanku na fari, wanda ka yi shekaru kana jira, ka riga ka zaɓa masa ɗakin da hasken safe yake shiga. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ki taimake ni da hotonsa. Ko guda ɗaya. Abin da ke cikin nan zai tambaye ni kamannin ubansa, me zan nuna masa?"

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, mutumin da ya yi rayuwarsa da kyamara a wuya ai hoto ba zai yi wuya ba. Sai ta miƙo mini wayarta. Duk lokacin da ta yi niyyar ɗaukarka, ka kare da hannu kana dariya. Hoton tafin hannunka ne da ita birjik, wani a falo, wani a mota, wani a tsakar gida. Ranar aurenku ma, ashe karɓe kyamara ka yi daga wanda aka ɗauko, wai yana sare wa mutane kai a hoto. Kowa ya fito a hotunan ranar, ban da ango. Na katin shaida kuwa na ƙuruciya ne, babu gemu, hatimi ya hau rabin fuska, ko mahaifiyarka sai da ta juya shi ta ce ba ta gane yaron ba.

Tun ranar na rufe shago. Na ce wa masu jiran aiki su yi haƙuri. Ƙanenka ya kawo mini kwamfutarka, na zauna ina buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya, dubbai, ina yin abin da kake yi amma a juye: ina bin madubi, ina bin gilashi, ina bin duk abin da ke ƙyalli, ina nemanka ruwa a jallo. Ina ƙara girman hoto har ya dagargaje. A wani mariƙin ƙofa na ga ɗan baƙin ɗigo, na yi ta kallo har idona ya yi ja, ashe ƙafar kyamara ce. A wani falo na ga takalminka a can bakin ƙofa, ɗaya ya hau ɗaya. Ɗakunan nan duk na san kana ciki, na san inda ka tsaya, na san abin da ka ce, amma ka share kanka tas. Wallahi ban taɓa jin haushin ƙwarewarka ba sai yanzu.

Mun gwada mai zane. Mahaifiyarka ta kwatanta, mai ɗakinka ta kwatanta, kafintan nan ya sa baki, ni ma na faɗi nawa. Wannan ya ce hancin ya fi haka tsawo, wancan ya ce idon ya fi haka ƙanƙanta. Da aka gama, wani baƙo ne ya fito a takarda, mai zanen ya naɗe abinsa. A nan ne tsoro ya kama ni sosai, don na gane ni kaina rabin fuskarka na sani. In na rufe ido, abin da nake gani shi ne ido ɗaya a runtse, kyamara ta tare sauran. Muryarka tana nan daram a kunnena, amma fuskar kullum ƙara nisa take yi, kuma ban san yadda zan tsayar da ita ba.

Shekaranjiya na samu ɗaya. Hoton gwaji ne da ka manta ba ka goge ba, a wani ɗakin cin abinci, ka fito a gilashin kabad. Ga hularka, ga kafaɗarka, ga gwiwarka ɗaya a ƙasa. Ban tsaya ko canza takalmi ba, na kai aka wanke shi babba, na nufi gidanka. Ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, ta ɗora yatsa a gefen hoton ta ce, "Kunnensa ne." Sannan ta ɗago ta dube ni. "Yaya, babu wanda ya sauke kyamarar nan daga fuskarsa?" Na fito na zauna a mota na yi kukan da ban yi ba ranar Talata.

To ga roƙona, jama'a. Duk wanda muka taɓa shiga gidansa, ko ofishinsa, ko shagonsa, don girman Allah ya duba wayarsa. Ku duba ta matanku da ta 'ya'yanku, da tsohuwar wayar da aka jefa a durowa. Wataƙila ranar da muka zo wani ya ɗauki sabon falo don ya tura wa 'yar uwarsa, sai wani mutum siriri mai gemu, marar takalmi, ya faɗo a gefe yana gyara labule. Kada ku ce bai yi kyau ba. Ko ya karkace, ko ya yi duhu, ko ya yi hazo, ko irin wanda shi da kansa zai goge nan take, shi muke nema. Lambar da kuke kirana a kan labule, ita ce dai. Ungozoma ta ce ba za a wuce makon nan ba, kuma ina so in shiga ɗakin haihuwar da wani abu a hannuna.

Malam Tukuna, ka sa manya da ƙanana sun jira haske, amma da naka kiran ya zo ba a ba ka damar cewa tukuna ba. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya cika shi da hasken da ya fi duk wanda ka taɓa jira. Yadda ka suturta gidajen mutane, ba ka taɓa fita da sirrin ɗakin kowa ba, Allah Ya suturta ka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da ƙanenka, da sauran dangi, da ma'aikatana waɗanda har yau in rana ta shigo ta tagar shago sai su dakata da aiki. Ina yi wa mai ɗakinka ta'aziyya, Allah Ya ba ta haƙuri, Ya sauke ta lafiya. Shi kuma wanda ke tafe, Allah Ya raya shi, Ya yi masa albarka. In jama'a ba su samo mana komai ba, roƙona na ƙarshe ga Ubangiji shi ne Ya sa yaron nan ya ɗauko fuskarka, mu sake ganinka, shi kuma ranar da ya tambaya uwarsa ta miƙa masa madubi.

Amin.