Takardar Ƙosai da Hoton Fasfon Mahaifiyata

Shekarun baya, can lokacin da naira ba ta daɗe da korar fam da sule ba, ni ne mai hoton unguwarmu a Gaya. Kunya ce ta sa na ce unguwarmu, amma a raina har Legas ban ga na biyuna ba. Na yi zaman koyo wajen wani maigida a Kano, na dawo da kyamara rataye a wuya, irin wadda ake leƙawa ta wata 'yar taga a gefe. A tagar za ka ga mutum ya rabu biyu, sai ka yi ta murza idon kyamarar, wato gilashin gabanta, har biyun su haɗe su zama ɗaya, sannan ka danna. In na fita ba da ita ba, ji nake kamar na manta wando a gida.

Wata rana a wurin suna na durƙusa zan ɗauki ragon sunan. Ragon nan ya leƙo, ya ga wani rago a cikin gilashi yana hararsa, bai yi shawara da kowa ba ya ja da baya ya kawo karo. Ni dai na tsinci kaina a cikin kwandon waina. Kyamara ta tsira, amma idonta ya tsage kamar ƙasar fadama da rani.

A wannan makon ne kuma kawuna ya zo da albishir cewa mahaifiyata ta sami kujerar Makka. Shekara da shekaru tana soya ƙuli-ƙuli da wannan buri. Abu ɗaya ya rage, hoton fasfo, kuma ƙarshen mako kawu zai kai takardu Kano. In babu hoto, sai wata shekarar, ita kuwa ƙafafunta sun fara ba ta wahala. Kawu ya ce a kai ta wajen masu hoto a birni. Ta gyara lulluɓi ta ce, "Ba namijin da zai ƙura mini ido ta cikin akwati sai wanda na goya. In yaron nan bai ɗauka ba, a bar shi." Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, yaron nan nake har na yi gemu.

Abokina, wani mai awon gyaɗa da ba ya rufe baki sai in yana cin abinci, shi ya ce akwai tsohon soja a kasuwar Ajingi da ke baza tarkace, kuma ya ga gilasan kyamara a tabarmarsa. Ranar kasuwa muka hau keke ɗaya, ni ina tuƙi shi yana ba da umarni. A yashin hanya mun fi tura keken fiye da hawansa.

Muka tarar da mutumin, kowa Kofur yake ce masa, zaune tsakanin matattun agogai da rediyoyin da suka daina magana tun zamanin yaƙi. Ya kwance wani tsumma ya fito da idanu biyu, duka masu shiga kyamarata. Ɗaya ƙato, fari fat, yana walƙiya kamar sabon kwanon amarya. Ɗayan ɗan ƙarami, fentinsa ya goge har tagulla ta fito, gefensa a lotse.

"Samari, wannan," in ji Kofur yana shafa babban, "daga nan za ka ɗauki mutum yana Dutse, har ka ga abin da ya ci da safe."

Abokina ya dafa ni. "Ɗauki babban mana. Da wannan a wuyanka, ko ba fim a ciki 'yan mata za su tsaya."

Wallahi zuciyata ta tafi wajen babban. Har na ga kaina ina ratsa Gaya da shi, mutane suna matsawa. Amma na tuna hoton wa zan ɗauka, sai na zauna a gefen tabarma na fara dubawa yadda maigidana ya koya mini.

Na murza wuyan kowanne in ji ko yana cijewa. Babban yana tafiya sumul, ƙaramin sai da ɗan lallashi. Na buɗe 'yan ganyayyakin ƙarfen da ke ciki na rufe, in ga ko mai ya jiƙa su, duka a bushe. Sai na ɗaga su sama ta gefen rana. A can cikin babban na hango wani abu ya yi rassa kamar saƙar gizo-gizo. Fumfuna ce, irin wadda gilashi ke kamawa in ya daɗe a ƙasar ruwa. Ƙaramin kuma yana da wata 'yar yana, siririya, kamar an huci madubi.

"Kofur, wannan babban ya sha damina a kudu."

"Ni ma na sha ta, ga ni garau," ya ce.

Matsalar irin kyamarata ita ce ba ta cikin idon kake leƙe ba, ta taga ne. Taga za ta iya ce maka komai daidai, ido kuma yana can yana aikin gabansa, ba za ka sani ba sai an wanke fim a Kano, ni kuwa ba ni da wannan lokacin. Sai na ce wa abokina ya sayo ƙosai.

"Yanzu ka yi magana," ya ce.

"Takardar nake so, wadda ta sha mai sosai."

Ya cinye ƙosan shi kaɗai ya miƙo mini takarda, ta jiƙe har ana ganin yatsa ta bayanta. Na buɗe bayan kyamara, na shimfiɗa ta daidai inda fim yake kwanciya, na riƙe labulen ciki a buɗe, na lulluɓe kaina da babbar rigata. Haske ya ratso gilashi ya faɗo kan takardar, sai ga kasuwar Ajingi ƙafa a sama kai a ƙasa.

Na tsayar da abokina a gabana kamar mai jiran hukunci. Na ɗaura babban, na murza har shi biyu ya zama ɗaya a taga, na koma kan takarda. Fuskarsa ta fito kamar an dama fura. Ashe babban da kyamarata ba sa jituwa. Na ɗaura ɗan lotsattsen na sake yi. Jama'a, har zaren aikin hularsa na gani, har man ƙosan da ke leɓensa.

Kafin in fito daga cikin riga, rabin kasuwa ta kewaye mu. Masu awo suka bar mudu, mahauta suka bar nama, kowa sai ya leƙa. Wata tsohuwa ta sa kai, ta ga jakinta a kife, ta fito da salati. "Ɗan nan, mayar mini da shi daidai, dawar za ta zube!" Kofur kansa ya leƙa ya daɗe, ya fito ya ce, "Da na san haka yake gani da ban fito da shi ba." Muka daidaita, na sa ƙaramin a aljihu. Abokina bai daina mita ba har Gaya, wai na bar doki na sayo akuya.

Washegari da hantsi na rataya farin zane a bangon tsakar gida. Mahaifiyata ta fito da farin mayafi ta zauna a kan turmi, ta sunkuyar da kai.

"Inna, sai kin dube ni."

"Ka ɗauka haka mana."

"Masu fasfo fuska suke so, ba tsakar kai ba."

Ta yi dariya ta ɗago. Tun da na yi wayo ban tuna ranar da ta dube ni ido cikin ido ba sai ranar, shi ma don akwai gilashi a tsakaninmu. Na haɗe ta biyu ta zama ɗaya, na danna.

Ni da kawu muka tafi Kano, na tsaya a kan mai wankin hoto kamar mai jiran haihuwa. Da hoton ya fito, fuskarta tar, har tsagen kumatunta. Amma 'yar yanar nan ta gilashi ta yi aikinta: farin mayafin ya yi wani haske mai laushi da ya kewaye kanta. Aka karɓi takardu, ta tafi, ta dawo da haƙorin Makka da dabino.

Na sa aka wanke hoton babba na kawo gida. Mata suka riƙa zuwa kallo suna cewa, "Kun ga annuri? Tun kafin ta tafi an karɓi hajjinta." Abokina ya matso kunnena ya ce, "In faɗa musu?" Na ce in ya buɗe baki zan manna hotonsa mai kama da fura a bakin kasuwa, alhali ban ma ɗauka ba. Ya yi shiru, karo na farko a rayuwarsa ba abinci a bakinsa.

Da wannan ɗan gilashi na ɗauki angwaye da 'yan makaranta da masu sabon keke ba iyaka, har kyamarar ta gaji ta kwanta. Tun daga ranar kuma ba na sayen komai don walƙiyarsa, sai na ɗaga shi a rana na leƙa cikinsa, abin da ya sa masu shago ba sa murna da ganina.

Mahaifiyata ba ta sake yarda an ɗauke ta ba har Allah Ya karɓi abarsa, don haka wannan ne kaɗai hotonta a duniya. Yana rataye a ɗakina. Na fi kowa sanin daga inda hasken nan ya fito, ni na gan shi a cikin gilashi a kasuwar Ajingi. Amma yanzu in jikokina suka nuna shi suka ce, "Kaka, mene ne wannan a kanta?" sai in ce musu annuri ne, kuma duk ƙarin gishirin da aka san ni da shi, wannan ba na jin na ƙara komai.