Bangon Malam Mode Mai Inji

Litinin: Sakkwato zuwa Tambuwal

Na bar gida ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, da jakar takardu a kafaɗa da kunya fal cikina. Bari in faɗi dalilin kunyar tun da wuri.

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin ƙididdiga a Sakkwato. Littafi biyu ne ke gabanmu. Masu lissafin mai suna rubuta shi ne a inda aka sayar, a bakin famfo. Mu kuma masu lissafin tattalin arziki tambayarmu daban: wa ya sha man, a wace sana'a? Aka aiko daga Legas cewa a sa littattafan biyu su yi magana da baki ɗaya. Ni kuwa, gwanin gajeriyar hanya, duk man gas da aka sayar a Tambuwal na zuba shi a layin motoci na takardarmu. Kebbe, wani gari can gaba da Tambuwal, ba famfo, sai na dangwala mata sifiri.

Ashe da wannan takarda ake zaɓar garuruwan da za a kai wa tankin mai. Garin da bai shan komai, me zai yi da tanki? Aka soke Kebbe.

Shugaban sashenmu, Malam Haliru, ya duba takardar ta saman tabarau ya ce, "Sani, mutanen Kebbe da haƙori suka niƙa dawa?" Ya ce jakar wasiƙu tana tafiya Legas ran Juma'a. In na kawo shaida kafin nan a gyara, in ban kawo ba ta tafi da sifirina.

Bas ta tashi daga tasha ƙarfe shida da kwata, naira biyu kujera. Muka wuce Boɗinga, muka tsaya Shagari 'yan sanda suka leƙa suka ce mu tafi. A Dogon Daji na sayi masa mai zafi da ta gyara mini rai. Mil sittin da 'yan kai, muka shiga Tambuwal tara saura, rana ta riga ta fara dukan ƙeya, don bazara ce.

Ban nemi masauki ba, na zarce gidan mai. Mai ba da man, wani siririn mutum mai suna Ladan, ya saurare ni yana murmushi.

"Malam, motoci nawa kag gani tun da kat tsaya?"

"Uku."

"To dubi can."

Na waiwaya. Duro-duro ne jere a gindin bishiyar bedi, kowane da alamar mai shi, da garewani a kan jakai.

"Waɗanga duka daji suka shiga. Ni dai zubawa nika yi, ban tambayar ina za shi. In Kebbe kaka so, nemi Mode mai inji. Duron can mai jan fenti nashi ne."

Na roƙe shi ko da ɗan rubutu yake da shi. Ya ce rubutunsa jimilla ce, ba sunan kowa. Na kwana a ɗakin wani malamin firamare da muka yi makaranta tare, na ci tuwon dawa da miyar kuka, amma ba zan ce na ji daɗinsa ba.

Talata: Tambuwal zuwa Kebbe

Motar Kebbe a-kori-kura ce, direbanta Altine. An ce ƙarfe bakwai, sai goma da minti ashirin muka tashi. Na samu gaba don ina da jakar gwamnati, duron Mode yana baya yana ƙugi.

Hanyar ba ta kai mil talatin ba, amma wallahi ta fi ta Sakkwato tsawo. Yashi ya riƙe mu sau biyu, muka sauka muka tura. A turawa ta biyu takalmina na ofis ya yi bankwana da ƙafar hagu.

Altine ya ce, "Ma'aikaci, mi kaka nema Kebbe?"

Na ce na zo in ga ko suna shan mai.

Ya yi dariya har ya saki sitiyari. "To wanga da nika ɗauka kullum, kunu ne?"

Wani dattijo da ke gefena bai yi dariya ba. Ya ce matan ƙauyensu, in man inji ya yanke, sai su koma turmi da dutsen niƙa kwana fuɗu, biyar, har hannu ya yi kanta. Ya ji an ce za a kawo musu tanki, ko gaskiya ne? Na ce ana kan magana. Ban iya duban idonsa ba.

Muka isa Kebbe biyu da rabi.

Kebbe

Ɗakin injin Malam Mode yana bayan kasuwa, na ƙasa ne, rufin kwano. Na same shi ya naɗe wando, ƙafa cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, shi da magini. Yaɓe suke yi kafin damina. Sun gama waje ta gabas, sun shiga ciki.

Gajere ne kakkaura, gemunsa fari da gari. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, ban ɓoye ba cewa ni na rubuta sifirin.

"Kai ne?" Ya dube ni sama da ƙasa, har ƙafar da ba takalmi. "To Allah ya riga ya fara yi maka hukunci. Zamna ka sha ruwa."

Na tambaye shi littafi. Ya ce shi ba ya da boko, allonsa ma ya daɗe da jingine shi. Sai ya ce, "Amma taho ka gani, in wanga na yi maka."

Muka shiga. Bangon yamma, daga tsayin kafaɗa har gwiwa, zane ne na gawayi, layi bisa layi. Magini yana tsaye da curin ƙasa a hannu, saura taku biyu ya kai wurin.

Na yi ihu, "Don Allah tsaya!"

Malam Mode ya yi mini bayani. Haɗa kai suke yi, shi da sauran masu inji, su sayo duro, a ajiye wurinsa, kowa ya ɗiba da garwa. Wanda ya fi sha, shi zai sha wahalar zuwa Tambuwal ɗauko na gaba. Don kada a yi musu yake zanawa. Zane na tsaye, garwa ɗaya ce ta injinsa da na masu niƙa na ƙauyuka. Zagaye, na masu injin ban-ruwa a fadama. Gicciye, na mai tarakta. Kowace damina sai a yaɓe a sake sabo.

Jama'a, na tsaya baki buɗe. Abin da Legas ke nema da doguwar takarda, niƙa daban, noma daban, ga shi wani ya yi da gawayi. Na zauna a kan buhu na kwafe zanen ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga sau biyu, shi kuma yana tsaye yana gyara mini: "A'a, wanga ba zagaye ba ne, hannuna ne yaz zame."

Da na gama na ce, "Baba, kada ka yaɓe bangon nan sai na aiko. Wataƙila manya su so gani da idonsu."

Ya dubi magini, ya dubi sama. "Ruwa na kusa. Amma tunda kac ce, shi ke nan."

Ya sauke ni a zauren yayansa, limamin unguwa. Aka kawo fura da nono mai kauri, aka ba ni takalmin fata aro, aka hana ni ko maganar biya.

Laraba da Alhamis: komawa

Na bi Altine ƙarfe takwas, muka iso Tambuwal da azahar. Na koma wurin Ladan muka gwada. Abin da bango ya nuna na cire shi daga layin motoci na mai da shi Kebbe, jimilla ba ta motsa ba. Ladan ya ce, "Ka gani? Man bai ƙaru ba, masu shi ne suka fito."

Alhamis sha ɗaya na safe ina gaban Malam Haliru. Ya karanta shiru, ya ce, "Shaidar tana ina?"

"Tana jikin bango, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya, ya sa hannu. Juma'a jaka ta tafi da Kebbe a cikin jerin. Ba wanda ya nemi ganin bango. Na koma gida na yi barcin da rabona da shi mako guda.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Malam Haliru da bai rufe ido ba, da Ladan, da Altine, da liman da har yau takalminsa ke wurina. Amma babbar godiya ta Malam Mode ce, kuma da nauyi nake yin ta.

Wata biyu bayan haka, ruwa ya sauka sosai, sai ga Altine a ƙofar ofis yana tambayar mai takalmi ɗaya. Ya ce Mode ne ya aiko shi. Bangon yamma ya fara zuba ta waje, ya kafa zana ya tare, ya jawo injin gefe, zanen dai bai taɓu ba.

"Ya ce a tambaye ka: shi yaɓe, ko shi ƙara jira?"

Wallahi na manta na ce ya jira sai na aiko. Na tashi na nemi izini wurin Malam Haliru, na bi Altine tasha. Wannan amsa ba ta aike ba ce.