Autar da Aka Haifa Lokacin Cirar Gyaɗa

'Ya'yana huɗu. Ukun farko duk da bazara na haife su, kuma da ƙuli-ƙuli suka girma, don sana'ata ke nan a ƙauyenmu na wajen Kwaya: in soya gyaɗa, in kai niƙa, in matse mai. Auta ce kaɗai ta zo da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, harawa jibge a tsakar gida. Kowa ya ce yarinya ta zo da goshi.

Ranar da na yaye ta na dama mata kunun gyaɗa. Ko rabin ludayi ba ta sha ba leɓenta ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini. Uwar mijina ta ce, "Ke dai kin cika tsoro. A riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, za ta saba." Ni kuma don wauta na biye mata. A karo na uku numfashin yarinyar ya koma fita da ƙyar, idanu sun juye. Kabu-kabu muka hau har Magarya, ina rungume da ita ina salati.

A asibiti lokotoro, wato likita, ya yi mata allura. Sai da ta lafa ya tambaye ni watan da aka haife ta. Wata kuma? Na ce da kaka dai. Ya ce akwai masu ganin yaran kaka da na lokacin sanyi sun fi kamuwa da irin wannan ciwo, amma ba a tabbatar ba. Na ce, "To likita, in mayar da ita ciki ne in sake haifo ta da bazara?" Ko murmushi bai yi ba. Ya ce kada ta ci gyaɗa, kada ma ta taɓa.

A gidan mai ƙuli! Wallahi na gaji. Shekara biyar ke nan ina wanke hannu ba iyaka, na ware mata kwano da ludayi, ranar suya kuma in kora ta gidan maƙwabta. Barin sana'ar ba zai yiwu ba, ita ke ci da mu idan rumbu ya ƙare.

Bana aka sa ta lekwal, makarantar boko. Wata ranar suya ta shigo da gudu riƙe da allonta, malamarsu ta yaba mata. Na miƙe na ware hannu. Sai ta ja ta tsaya a bakin zaure, ta ce, "Inna, kin yi wanka?"

Ban yi ba. Daga can ta ɗago mini allon. Na ce ya yi kyau, alhali ko baƙi ɗaya ba na hangowa.