Baba Maharazu da Layi na Shida

Ƙarfe shida da rabi na safe Baba Maharazu Mailafiya yake jingine kekensa a jikin darbejiyar da ke bakin filin wasa. Daga Yalwawa yake tasowa, kullum, har ranar da babu wasa. Abin da yake fara yi shi ne ya tuɓe takalmansa ya rataye a kan keken, sannan ya shiga zagaya hanyar tsere ƙafa ba takalmi, a hankali, kansa a sunkuye. Ranar da na fara ganinsa na ɗauka wani abu ya yar yake nema. Da na tambaye shi sai ya ce rabin yaran da ke zuwa gasa daga ƙauyuka ba su da takalmin gudu, kuma ido ba ya ganin tsaidau a cikin yashi, sai tafin ƙafa. Duk inda ƙaya ta soke shi, nan zai sa manjagara.

Sunana Zulaihatu. Bara, ina aji uku a jami'a a Kafin Hausa, aka turo ni Dutse wata shida don sanin makamar aiki a ofishin da ke shirya gasar wasannin makarantun sakandare. Na zo da littafin da zan riƙa rubuta abin da na koya kullum, ina zaton shirya gasa aikin takarda ne: jadawali, wasiƙun gayyata, wa zai zauna kusa da wa. Na yi duk waɗannan. Amma yanzu idan na buɗa littafin nan, da wuya in wuce shafi biyu ban ga na rubuta "Baba ya ce" ba.

A takardun ofis shi mai kula da fili ne, ƙaramin ma'aikaci, shekara talatin da ɗaya a wuri ɗaya. Shi ke yanke ciyawa. Shi ke jan igiya ya shata layukan tsere da farar ƙasa, a wani tsohon gwangwanin madara da ya huda gindinsa da ƙusa. Ranar gasa kuwa, kafin motar farko ta iso, ya cika randuna biyu da ruwa ya ajiye a inuwa, ɗaya ta maza ɗaya ta mata.

Inna Gaji, mai sayar da zoɓo a bakin ƙofa, ta fi kowa daɗewa tare da shi. Ita ta ba ni labarin shekarun da ba a kewaye filin ba, lokacin da shanu ke ratsa shi da damina su bar ramukan kofato da ke gurɗe ƙafar yara. Waɗanda suka riga shi aiki faɗa suke yi da makiyaya. Shi kuwa keke ya hau ya je har ruga, ya gaida shugabansu Malam Isah da ɗan Fillancin da ya iya, suka yi magana ɗaya: duk ciyawar da ya yanke zai tara musu a gefen gabas, su kuma su kewaya da dabbobinsu. Inna Gaji ta ce yau filin yana da katanga, amma har yanzu Baba bai daina tara ciyawar ba, 'ya'yan Malam Isah ma ba su daina zuwa ɗauka ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai ya faru ne ranar wasan ƙarshe, a watan Yuni. An kwana ana ruwa, layuka duk sun wanke. Baba ya sake shata su tun da sassafe, saura alamar inda kowace mai gudu za ta tsaya a tseren mita ɗari huɗu na 'yan mata. A wannan tsere ba a jeruwa kafaɗa da kafaɗa, don wadda ke layin waje zagayenta ya fi faɗi, dole a matsar da ita gaba. Yana shirin aunawa sai Malam Misbahu, shugaban shirya gasar, ya kira shi ya je ya taya kafa rumfar manyan baƙi, ya ce ni ce 'yar jami'a, in ɗauki tef da takardar awo in ƙarasa. Na ji daɗi har cikin raina. Cikin ɗoki na karanta lissafin tseren mita ɗari biyu a maimakon na ɗari huɗu, na sa alamomi, ban sake dubawa ba.

Hantsi ya yi, babban baƙo ya zauna, 'yan mata shida suka tsaya a kan alamomina. Mai usur ya ɗaga hannu ke nan sai ga Baba ya fito daga bayan rumfa da kujerar roba a hannu, ya dire ta, ya tako ya tsaya a tsakiyar hanya. Malam Misbahu ya taso ransa a ɓace, ya ce masa ya kauce, baƙo yana da wani taron.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Yarinyar nan ta layi na shida tun asuba ta taso daga Ringim. In aka tashe su a haka, an kayar da ita tun kafin a busa usur."

Daga baya ya gaya mini yadda ya gane. Ya ce ya saba ganin tazarar kamar taku goma tsakanin yarinya da yarinya, ran nan kuwa ya hango biyar. Da aka sake aunawa a gaban jama'a, sai aka tarar da ta layi na shida za ta yi gudun kusan mita ashirin fiye da ta layi na ɗaya. Malam Misbahu ya manta da wanda ya ba aikin, ko kuwa bai manta ba, ya juyo yana tambayar wa ya auna. Ina tsaye da tef ɗin a bayana. Baba ya ce, "Filina ne, Yallaɓai. Duk abin da aka gani a kansa ni za a tambaya."

Minti ashirin aka ɓata. Aka yi tseren. Yarinyar Ringim, Na'ima, ta zo ta biyu, da ƙyar ta riga ta uku, kuma biyun farko ake ɗauka su wakilci jiha a mataki na gaba. Ba ta san wanda ya yi kuskuren awon ba. Ta sha ruwa a randa, ta hau motar makarantarsu tana tsalle.

Washegari aka ba Baba takardar tuhuma, wai ya kunyata ofis a gaban baƙo. Na same shi yana wasa lauje na ce zan je in faɗi gaskiya. Ya ce, "'Yata, ni saura shekara ɗaya in tafi, ke kuwa yanzu kika sa ƙafa. Bar shi." Bai yi mini faɗa ba ko kalma ɗaya. Ya dai sa na zagaya layi na ɗaya ina ƙirga takuna, sannan na zagaya na shida, ya ce in gaya masa bambancin.

Kwana uku ina juya maganar, don sakamakon zamana duka a hannun Malam Misbahu yake. A na huɗu na shiga ofishinsa na faɗa masa. Ya jefa takardar tuhumar a durowa, ba a sake tayar da ita ba. Makin da ya ba ni bai kai wanda na so ba, kuma daidai ne. A gasar da ta biyo baya na gan shi da kansa, tsugune da tef, yana tambayar Baba ko awon ya yi.

Baba, kai ne ka nuna mini cewa ba don mutanen rumfa ake shirya gasa ba. Kai ne ka rufa mini asiri a ranar da na cancanci tonawa, kuma ba ka bari rufin asirin ya cuci 'yar mutane ba. Ban san yadda ka haɗa biyun nan a cikin minti ɗaya ba, ina dai fata wata rana in iya. Dattijon fili, mai awon da ba ya son kai, na gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar noman riɗin da kake ta zancen za ka koma.

Mu kuma da ke fitowa daga makarantu da takardu a hannu, duk inda aka tura mu mu nemi irin su Baba mu gaishe su, mu zauna kusa da su. Idan muka ga za a cuci wanda ba shi da bakin magana, mu ajiye abin da ke hannunmu mu je mu tsaya.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Inna Gaji ta ce a duk shekarun nan ba ta taɓa jin an kira sunansa a lasifika ba, ko da cikin jerin godiya. Don haka duk wanda ya taɓa gudu a filin nan, ko ya kawo ɗalibai, ya zo ranar Asabar ta ƙarshen wata da hantsi. Malam Misbahu ya yarda zai ba ni makirfo. Na san Baba zai nemi ya ɓuya a bayan rumfa, shi ya sa na roƙi Inna Gaji ta riƙe masa hannu har in gama kiran sunan.