Wuta-wutar Gonar Baba

Shekarar da maigidana ya rasu, abin da ya bar mana bai wuce gida da akuya biyu da gona ɗaya a gindin dutse ba, gabas da ƙauyenmu na ƙasar Roni. 'Ya'ya uku gare ni, babbar ko tulu ba ta isa ɗauka ba. Zamanin En'e ne, lokacin da in dagaci ya yanke magana ta yanku, sai dai in hakimi ne ya tashe ta.

Ina fita takaba, ƙanin mijina ya kai ni gaban dagaci. Wai mace ba ta riƙe gona, ga shi ma wuta-wuta ta cinye ta. A ba shi ya riƙe wa marayu har su girma, yara su koma gidansa, ni kuwa in tattara in koma gidanmu a Gwiwa. Na san mutumin nan sarai. Abin da ya shiga hannunsa, sai dai ka ji labarinsa. Ina durƙushe a bakin zaure, raina yana tafasa, na ce, "Ranka ya daɗe, da raina da lafiyata ba mai raba ni da 'ya'yana a kan ciyawa."

Dagaci ya dube ni ya ce, "Na ba ki damina biyu. In rumbun marigayi ya cika a ta biyun, gona tana hannunki, yara suna gabanki. In bai cika ba, kada in ji kuka." Na ce na yarda. Sai da na fito na tuna cewa daminar da ta wuce ko rubu'in rumbun ba mu samu ba.

Wanda bai san wuta-wuta ba, wadda wasu ke kira ƙuduji, in ya gan ta cikin fure sai ya ce Allah ya yi halitta. Ja-ja, mai kyau, gona ta yi kamar an shimfiɗa zanen amarya. Amma makira ce. A ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar dawa ta yi ta tsotsa, dawar ta tsaya a gwiwa ta ƙone tana tsaye, ko da ruwa na zuba kullum. Irinta kuwa kamar garin taba, ƙwaya ɗaya ba ta ganuwa. Marigayi ya sha cire ta gonarmu, badi ta dawo ta fi ta bara.

Ni na gano inda take fitowa, kuma ba a ɓoye take ba. Saman gonarmu, a kan gangare, akwai gonar wani dattijo, aminin uban mijina, wanda duk gari ke kira Baba. Mutum ne mai gonaki da 'ya'ya maza, mai faɗa, mai riƙon abin hannunsa. A gidansa ba a taɓa wuta-wuta sai an gama noma na biyu an huta. Lokacin ta yi fure ta zuba 'ya'ya. Sai samarin gidan su tsinke ta su yi dami-dami, su jibge a kwarin da ya raba gonarsu da tamu, su kakkaɓe hannu wai sun yi aiki. Ruwan farko na sauka daga dutse, sai ya kwaso irin nan kaf ya shimfiɗa mini. Wato su share, ni in kwashe.

To, yaya zan yi? A garinmu ba ka sa fartanya a gonar wani ba da gayyata ba. In ka yi, ko dai kana cewa mai gonar rago ne, ko kuma kana da ido a kan ƙasarsa, kuma ko wanne sai an je gaban dagaci. Balle ni, mace, matar ɗan amininsa, in buɗe baki in ce wa Baba gonarsa ba ta da gyara? Ai da sai garin ya yi mini kaɗan. Na aika masa ta bakin liman, a lulluɓe. Amsar da ta dawo ita ce, tun kafin a haifi uwata yake noma wannan gangare, kuma wuta-wuta daga Allah take, gonar da ta gaji take fitowa. Na ji haushin da ya hana ni cin tuwo ranar.

Dabarar ta zo mini ina tsiyayar ruwan toka zan yi miyar yakuwa. Yayana marini ne a Kazaure, tun ina yarinya na san ba sa rabuwa da toka a karofi, na kuma taɓa jin ana cewa wasu kan sa wuta-wuta a ruwan baba na rini don launi ya kama. Sai na tuna wani abu. A ƙasarmu ba a shiga gonar mutum a yi masa gyara, amma roƙo ba laifi ba ne. Mace ta ce a sam mata tafasa ko lalo ko karan dafi, babu dattijon da zai hana, don hanawar abin kunya ce gare shi.

Da shuka ta kai idon sawu, na daka fura mai kyau, na ɗauka na je ƙofar gidan Baba, na durƙusa can nesa.

"Baba, barka da hutawa. Roƙo na zo yi."

"Ina jin ki, 'yar nan. In dai hatsi ne, kin san bana kowa ta kansa yake yi."

"Ba hatsi ba ne, Baba. Wuta-wutar gonarka nake so ka ba ni. Toka zan yi da ita."

Ya cire goro daga bakinsa ya dube ni. "Wuta-wuta? Ke lafiyarki kuwa?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Sai dai ɗanya nake so, wadda ba ta yi fure ba. In ta yi fure ba ta da amfani a wurina."

Ya yi dariya har da tari, ya ce wa waɗanda ke zaune da shi, "Ku ji mini, takaba ta taɓa yarinyar nan. Je ki, na ba ki, har da ta badi in kina so." Na yi godiya kamar ya ba ni saniya. Kuma Allah ya sani ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Toka na ce zan yi, toka kuwa na yi.

Wannan damina ban san hutu ba. Ni da ƙawayena biyu, zawarawa irina, muka bi gonar Baba kunya-kunya, muka bi tawa. Duk inda ta leƙo kai mu tumɓuke. Bayan kwana goma ta sake fitowa mu sake komawa, har sau huɗu. Bayana ya yi ciwon da sai da dafa bango nake miƙewa. Mu kwashe a kwando, mu shanya a kan falalen dutse, ta bushe mu ƙone ƙurmus. Samarin gidan Baba suna wucewa suna tsokana, "Sannu da aiki, sarauniyar toka!" Ni kuwa in ce, "Yawwa, sannunku, 'yan gatan Baba." Ko fure ɗaya ban bari ya buɗe a gangaren nan ba, kuma kwarin iyaka ya kwana babu dami ko guda.

Duk da haka, da kaka ta yi, rabin rumbu na samu, domin tsohon irin da ke cikin ƙasata bai mutu ba. Ƙanin mijina ya leƙa rumbun ya yi murmushi ya ce, "Saura ɗaya." Wallahi da ba don idon yara ba, da na jefe shi da muciya.

Da rani na je wurin wasu Fulani da suka saba sauka a bayan garinmu, na yi magana da dattijonsu. Na bar musu karan gonata da harawa duka, ina kai musu dawon fura, su kuma suka kafa turakun shanunsu a gonata, suna matsar da su daga wannan gefe zuwa wancan har ta baƙanta da taki. Tokar kuwa na cika ƙorai da ita, ranar kasuwa na ɗora a kai na kai wa yayana Kazaure. Ya shafa a hannu ya ce toka ce kamar kowace toka, amma tun da na wahala, ya saya mini turmin zane da gishiri, ya ɗora ni a jaki na dawo.

Ashe zanen nan shi zai ƙarasa mini aikin. Mutane sun ga na fita da toka a ka, na dawo a kan jaki da sabon zane. Kafin sati, magana ta zagaye gari wai marinan Kazaure rububin tokar wuta-wuta suke yi. Kafin wata, an ce har daga Babura ake aiko mini. Matan gari suka yi ta zuwa suna bugun cikina. Ni dai abu ɗaya nake faɗi, "Oho, ni dai na san sai ɗanya, wadda ba ta yi fure ba." Ban ƙara ba, ban rage ba. In akwai alhaki a shirun da na yi, Allah ya yafe mini.

Damina ta biyu, ranar da na ɗauki kwando na nufi gangare, sai na tarar da Baba tsaye a kan iyaka da sandarsa.

"Dakata nan, 'yar nan. Bana muna son abinmu."

Na ce, "Haba Baba, ai har da ta badi ka ba ni."

"Na ba ki, na kuma karɓe. Kin mai da ni sakarai, kina sa sutura da ciyawar gonata? Kada in ƙara ganin ƙafarki a nan."

Na sunkuyar da kai na ce Allah ya ba da haƙuri, na juya. Sai da na shiga cikin dawata, inda ba mai gani na, na zauna a ƙasa na yi dariya har hawaye. Washegari ga Baba da 'ya'yansa da jikokinsa sun jeru a gona, kowa a sunkuye. Shi da kansa yake bin bayansu yana daka tsawa, "Kai, ga wata can za ta yi fure! Ka bari ta yi fure ka ga yadda zan yi da kai!" Maƙwabcinsa na arewa ya gani ya kama, na gaba da shi ma ya kama. A shekarar nan duk yamma sai ka ga hayaƙi yana tashi a kan duwatsu. Ni kuwa na samu sarari na tsaya a gonata ita kaɗai, na sa wake a tsakanin kunyoyi, na bi 'yar wuta-wutar da ta rage ɗaya-ɗaya. Dawa ta tashi ta wuce kaina, ta wuce kan mai doki.

Kafin girbi Baba ya ɗora tokarsa a jakai uku, babban ɗansa ya kai Kazaure. Marina suka ce su toka ba ta yanke musu ba, in yana so ya juye a can gefe su ba shi goro. Ɗan ya juyo da tokarsu, amma labari ya riga shi isowa gida. Kwana uku ban bi ta ƙofar gidan Baba ba, ta bayan gari nake zagayawa rijiya.

Muka yi girbi. Muka yi ta jera dami a rumbu har ya kai baki, aka danna, aka ƙara, dami bakwai suka rage a waje babu wurin sa su. Na aika aka gaya wa dagaci, ya zo da kansa, mutane suka biyo shi har tsakar gidana. Ya leƙa rumbu, ya dubi damin da ke ƙasa. Sai ƙanin mijina ya sake salo. Ya ce rumbu dai ya cika, amma a duba irin matar da za a bar wa tarbiyyar marayu, wadda ta yaudari dattijo kamar Baba ta mai da shi abin dariya a ƙasar Kazaure. Wannan kam ban shirya mata ba. Dagaci ya ce a kira Baba.

Ya zo yana dogara sanda, fuska a murtuke. Ko kallo na bai yi ba. Dagaci ya ce, "Baba, an ce yarinyar nan ta yi maka ƙarya."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya dai ba ta yi mini ba. Toka ta ce za ta yi, ta kuwa yi. Kwaɗayina ne ya ɗora wa jakaina kaya." Mutane suka fara ƙunshe dariya, ya juya ya harare su suka yi tsit. "Shekara nawa rabon da gangaren nan ya ba ni abin da ya ba ni bana? Rumbu na ƙara ginawa. Liman ya gaya mini, na ƙi ji. Matar da ta sa ni da furfurata na sunkuya ina tsintar ciyawa, ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga mini murya ba, ita za a ce ba ta iya riƙe gona? Kai da ke son gonar, da kai ne ya za ka yi da ni?"

Ƙanin mijina ya kama gyara hula. Dagaci ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Gona tana hannunta, yara suna gabanta. Magana ta ƙare." Ƙawayena suka rangaɗa guɗa, ni kuwa daɗi ya cika ni, sai na jawo 'ya'yana uku na rungume, muka zube a gindin rumbu ina kuka ina dariya.

Mutane suka watse, Baba ne na ƙarshen fita. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya nuna ni da sanda ya ce, "Ke, 'yar nan. Tokar nan tana can jibge a bayan gidana. Ki zo ki kwashe abinki ki zuba a gona, na gaji da ganinta."

Na ce, "To, Baba." Da sassafe na je na kwashe, kwando goma sha ɗaya.