Gwiwar Hajiya

Ina cikin shekara ta biyu da fara koyar da yoga a tsakar gidanmu na Gyadi-Gyadi ƙawar mahaifiyata, Hajiya, ta shigo ajin. Mata ne zalla, Asabar da Lahadi da hantsi, kuma motsa jiki suke kiran abin don kada mazajensu su dame su da tambaya. Ni ciwon baya ne ya kai ni gare shi bayan haihuwata ta uku.

Abin da nake koyarwa ba shi da yawa. Ki bi numfashinki, ki cire ido daga tabarmar ta kusa da ke, inda jikinki ya ce tsaya ki tsaya. Na faɗa har bakina ya gaji. Amma ka tara matan Kano goma ka ce kada wata ta kalli wata, ai ka ɗebo wa kanka aiki.

Hajiya tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, wasu 'yan ajin ma ita ta koyar da su suna yara, daga Daurawa take zuwa a adaidaita sahu. Shekara biyu tana salla a kan kujera saboda gwiwa. Ranar farko ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, ni ba rage ƙiba na zo yi ba. So nake goshina ya taɓa ƙasa kafin azumi." Saura wata huɗu. Na ce in Allah ya yarda zai yiwu, muddin za mu bi a hankali kuma za ta riƙa gaya mini inda ya yi zafi.

A nan muka sha bamban. Duk sanda na ce, "Hajiya, yaya gwiwar?" sai ta ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi." Matar da ta haihu tara ba a ji kukanta ba, ita zan sa ta ce wayyo a gaban mutane? Na kawo mata matashi ta sa a bayan gwiwa, ta ture shi, wai ba ta zo barci ba. A gefenta kuma akwai wata amarya mai naɗe ƙafa kamar ba ƙashi a jikinta, Hajiya tana satar kallonta tana ƙara danna jiki ƙasa.

Wata Asabar, a mako na shida, na ga abin da idona. Ta durƙusa, yatsun ƙafarta sun ƙanƙame, gumi ya jiƙa ɗankwalinta, ta riƙe numfashi. Na matsa kusa na rage murya.

"Hajiya, ko za ki ɗan huta?"

"Je ki ji da ɗalibanki," in ji ta. "Lafiyata ƙalau."

Da wata ce da na ɗaga ta da hannuna. Amma wannan matar ita ta yi mini wankan jarirai, ita ta kai ni ɗakin miji. Da wane baki zan ce mata ba gaskiya take faɗa ba? Na ce to, na wuce. Har yau in na tuna wannan "to" ɗin haushin kaina nake ji, ya fi haushin da nake ji nata.

Washegari ba ta zo ba. Ranar Laraba na bi ta Daurawa, na tarar da ita a gado ta miƙe ƙafa, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Likita ya ce kada ta sake lanƙwasa ta sai bayan wata shida. Raina ya ɓaci.

"Haba Hajiya, me ya hana ki gaya mini?"

"A gaban yaran da na koya wa karatu? Ke ma kin san ba zai yiwu ba." Ta gyara zaninta. "Kujerar ce dai bana ma. In sun tambaya ki ce na yi tafiya."

Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa wa ajin, yadda zan nuna musu abin da ɓoye ciwo ke jawowa, ko wata ta tsira da gwiwarta. Ranar Asabar muna shimfiɗa tabarmi amaryar nan ta ce, "Malama, ina Hajiya?"

Na ce ta yi tafiya.