Zabirar Baba

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, ana cikin kaka. Muna zaune a zauren gidanmu na Turba, a ƙasar Isa, ni da Baba da ƙanena da kawunmu. Na zo hutu daga Sakkwato, inda nake aiki a gidan rediyo, kuma a ranar za a sa wani labari da na rubuta na karanta da muryata.

Baba wanzami ne, kamar ubansa. Ni boko ya ɗauke ni, don haka kowa ya san ƙanena zai gaji zabirar, jakar fatar da ake zuba aska da ƙaho. Tun yana ƙarami yake bin Baba gidajen suna har garin Tozai.

Labarin na wani saurayi ne ɗan wanzamai da ya ajiye aska ya tafi neman abin da ransa ke so. Kaina nake nufi. Na ba shi tsagar Gobirawa irin tamu da hannun hagu irin na ƙanena, don kawai ya zama mutum a kunnen mai sauraro.

Baba ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Sannan ya kashe rediyon, ya dubi kawu, ba mu ba.

"Na ji saƙo," in ji shi. "Yaron ga ya gaji da aska. Mi ya hana ya aiko ka? Sai ya aiko yayanai ta cikin akwati, duniya duk ta jiya?"

A wurinmu ɗa ba ya gaya wa uba magana mai nauyi baki da baki, sai ya bi ta kawu ko aminin uba. Baba ya ɗauki rediyo a matsayin ɗan aike. Na ce masa ƙagagge ne, babu wanda ya aiko ni. Ya yi murmushi, ya ce ko tatsuniya da mai ita, kuma bahagon wanzami ɗaya ya sani a ƙasar Isa.

Ƙanena yana durƙushe, kansa a ƙasa. Yin musu da uba a gaban kawu ba abin yi ba ne. Daga baya ya tura kawu ya ce yana son sana'ar, amma Baba ya ɗauka kunya ce ta sa shi janyewa, ya ce ba zai ɗaure kowa ba. A ganinsa alheri ya yi.

Da za ni koma, ƙanena ya raka ni tasha. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Yaya, da ka bar ma yaron labarin ga hannun dama."

Kafin damina Baba ya miƙa zabirar ga ɗan kawu. Yanzu ƙanena yana sayar da man babur a Sabon Birni, kuma duk Juma'a shi ke yi wa 'ya'yansa aski.